Yadda Ake Gane Tumbin Matashi Da Tef Ɗin Tela, Da Yadda Ake Rage Shi

Matasa biyu za su iya hawa sikeli a samu nauyinsu ɗaya, tsayinsu ma ɗaya, amma likita ya sallami ɗaya, ya ce ɗayan ya dawo gwajin jini. Sikeli nauyi kawai yake faɗa, ba ya faɗin inda kitsen ya zauna. Wanda nasa ya bazu a cinyoyi da damatsa yana da sauƙi. Wanda nasa ya taru a tsakiyar jiki shi ne abin sa wa ido, ko da kuwa hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne.

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya kamawa da yatsu. Akwai kuma na can ciki, wanda ya nannaɗe hanji ya kewaye hanta, shi ba ya kamuwa, sai dai ya turo cikin gaba ya yi tauri. Wannan na biyun ba zaman banza yake yi ba. Yana zuba maiƙo da sinadarai masu haddasa kumburi a cikin jijiyar jinin da ke wucewa kai tsaye zuwa hanta. A hankali hanta ta tara kitse, jiki ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Daga nan hanyar ciwon sukari da hawan jini ta buɗe. A da cututtukan manya ne, yanzu ana samunsu a jikin 'yan shekara 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima, amma a 2022 adadin ya kai kashi 20, wato sama da miliyan 390.

Mataki na farko: ku tabbata kitse ne

Ba duk cikin da ya fito ne tumbi ba. Tumbi a hankali yake zuwa, cikin watanni ko shekaru, kuma ba ya ciwo. Idan ciki ya tashi cikin 'yan makonni, ko yana ciwo, ko matashin yana ramewa cikin yana girma, ko ƙafafu sun kumbura, ko ido ya yi rawaya, ko ana jin wani dunƙule a gefe guda, to ku ajiye tef ku nufi asibiti. Ruwa a ciki, kumburin hanta ko saifa, tsutsar ciki da ƙari duk suna fito da ciki. Ga yarinyar da al'adarta ta ɗauke, juna biyu ma yana cikin abin da likita zai duba. Cikin da ke kumbura bayan cin abinci ya sace da safe kuwa, yawanci iska ce.

Mataki na biyu: awo

Abin da kuke buƙata tef ɗin tela ne wanda ba ya talewa, da bango, da littafi mai ƙarfin bango, da biro.

Ku fara da tsayi. Matashin ya cire takalmi, ya jingina da bango, diddige da ɗuwawu da kafaɗu suna taɓa shi, yana kallon gaba. Ku ɗora littafin a kansa a miƙe, ku yi alama a bangon, ku auna daga ƙasa zuwa alamar da santimita.

Awon ƙugu ne ake yawan kuskurewa, domin mutane suna auna inda wando ke tsayawa, alhali mai tumbi a ƙarƙashin cikin yake ɗaura wandonsa. Wurin da ya dace shi ne tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Ku lalubo su biyun da yatsa a gefen jiki, ku ɗauki tsakiyarsu. Sau da yawa wurin yana ɗan sama da cibiya. Ku zagaya tef ɗin a kan fata ko a kan riga marar kauri, ku duba ta baya kada ya karkace ko ya murɗe. Ya kwanta a jiki, amma kada ya nutse. Matashin ya tsaya daidai, hannuwa a sake, ya yi numfashi yadda ya saba, ku karanta lambar daidai lokacin da ya gama fitar da iska. Kusan kowa yakan shanye ciki da zarar tef ya taɓa shi, ba da gangan ba ma, don haka ku ɗan ja shi da hira har ya saki jiki. Ku auna sau biyu. In bambancin ya wuce santimita 1, ku sake. Da safe kafin a karya ya fi.

Wani abu da bai kamata a raina ba: matashi yana jin kunyar jikinsa fiye da yadda manya ke tsammani. A yi awon a ɗaki, ba a gaban ƙanne ba. Yarinya mahaifiyarta ko yayarta ta auna ta, ko a nuna mata ta auna kanta.

Mataki na uku: lissafi

Ku raba awon ƙugu da tsayi. Yarinya mai tsayin santimita 160 da ƙugu 84, lissafinta ya ba da 0.53. Yaro mai tsayin 170 da ƙugu 78, nasa 0.46. A jagorar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Birtaniya, ta fitar a 2022, wadda ta haɗa da yara daga shekara 5 zuwa sama, daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya ne, daga 0.5 zuwa 0.59 kitsen tsakiya ya ƙaru, daga 0.6 zuwa sama kuma haɗarin ya yi yawa. A taƙaice, kada ƙugu ya kai rabin tsayi.

Wanda lissafi ke ba shi wuya, ya samu zare ko igiya ya yanke daidai tsayin matashin, ya ninka biyu, ya zagaya ƙugun. In bakin biyu sun haɗu da sarari, madalla. In sun ƙi haɗuwa, amsa ta fito.

Na fi son wannan awo a kan BMI, ma'aunin da ke gwada nauyi da tsayi, da ake yi a asibiti, ba don BMI ba shi da amfani ba. Matsalarsa ga iyaye ita ce a matashi sai an ɗora lambar a kan jadawalin shekaru da jinsi kafin ta yi ma'ana, sannan ba ya bambance tsoka da kitse. Ɗan ƙwallo mai murɗaɗɗen jiki zai iya fitowa da nauyi, siririn yaro mai tumbi kuma ya wuce salin-alin.

Mataki na huɗu: ku duba alamomin da ke tafiya da shi

Ku dubi bayan wuya da hammata. Idan fatar ta yi duhu, ta yi kauri, tana da laushi kamar karammiski, ba dauɗa ba ce. Iyaye da yawa sun sha faɗa da yaro a kan wanka saboda wannan, ana ta dirza da soso ba ya fita. Alama ce ta insulin ya yi yawa a jini. Ku saurari barcinsa: minshari mai ƙarfi, da ɗaukewar numfashi na ɗan lokaci sannan ya yi firgigit, da gyangyaɗi a aji. Ga 'yan mata, al'adar da ke tsallake watanni, da ƙurajen fuska masu taurin kai, da gashi a haɓa ko ƙirji na iya nuna matsalar sinadaran jikin mace da likitoci ke kira PCOS, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da tumbi. Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare kuma ba a jinkirta musu, gwajin sukari suke so nan take.

Mataki na biyar: ku nemo abin da ya kawo shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Da an ga tumbi sai a ce ci ne. Ci yana ciki, amma da wuya ya zama shi kaɗai.

Akwai abubuwan da ba laifin kowa ba ne. Gado na farko: idan iyaye suna da ƙiba ko ciwon sukari, haɗarin ɗansu ya fi na wani, kuma har wurin da jiki ke ajiye kitse ana gadonsa. Yaron da mahaifiyarsa ta yi ciwon sukari lokacin da take ɗauke da cikinsa yana cikin layin. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne jaririn da aka haifa ƙarami ainun, ko yaron da ya sha rashin abinci mai gina jiki har ya tsumbure, shi ma yana ciki idan daga baya ya yi ƙiba da sauri. Jikin da ya taso cikin rashi yakan koyi ɓoyo, kuma ciki ne rumbunsa. Balaga kanta tana da hannu. A tsakiyarta jikin kowane matashi yakan rage jin insulin na wani lokaci, sannan ya dawo daidai. Wanda ya shiga balaga da kitse a ciki, shi ne abin kan iya zarcewa da shi.

Sai magunguna. Masu ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su prednisolone da dexamethasone, idan aka daɗe ana sha, suna tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, su bar hannu da ƙafa a rame. Wasu magungunan taɓin hankali irin su olanzapine, da maganin farfaɗiya valproate, suna ƙara ƙiba. In likita ne ya rubuta, kada ku yanke da kanku, musamman sitiroyid, domin daina shi farat ɗaya yana da haɗari. Ku koma wurinsa da ƙorafin. Amma ku bincika ko matashiyar tana shan wani abu a ɓoye don ta yi jiki. Ƙwayoyi da ruwan maganin sa ƙiba da ake tallatawa a intanet, da yawansu sitiroyid ne ko maganin buɗe ciki, kuma kitsen da suke kawowa ba ya zuwa inda aka so.

Ragowar kuwa na yau da kullum ne, kuma hanyar gano su ita ce ku ɗauki mako guda kuna rubutu ba tare da kun canza komai ba. Ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi. Me ya sha ban da ruwa. Me ya saya a hanyar makaranta. Awa nawa ya yi a zaune da waya ko talabijin. Minti nawa ya yi gumi. Ku yi shi tare da matashin, ba leƙen asiri ba.

Abin sha shi ne ya fi ɓoyewa. Gwangwanin lemon kola na mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25. Gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake wannan. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin lissafin, ko da an rubuta cewa ba a ƙara musu komai ba. Sukarin ruwa ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif. Rabin sukarin kuma wani nau'i ne da hanta ce ke sarrafa yawancinsa, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse.

Barci shi ne wanda iyaye ba sa kawowa a rai sam. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Idan bai samu ba, yunwa ta ƙaru, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya tashi, ga shi awannin da yake farke da dare awannin ciye-ciye ne, gari ya waye kuma babu ƙarfin motsi. Damuwa ma haka. Tsangwama a makaranta, rigimar gida ko fargabar jarrabawa suna ɗaga sinadarin kotisol, wanda ke karkata kitse zuwa ciki, kuma yara da yawa da abinci suke rarrashin kansu.

Zama kuwa ya zama ruwan dare. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kashi 85 a 'yan mata, 78 a maza.

Mataki na shida: yadda za ku yi maganar

Kalma ɗaya tana iya ɓata aikin wata shida. Kada a kira shi da sunan tsokana, kada a kwatanta ta da 'yar'uwarta, kada a yi sharhi a kan farantinsa ana cikin ci. Zolaya a kan jiki ba ta rage ƙiba. Abin da take kawowa shi ne ci a ɓoye, ko kuma akasinsa, yarinya ta shiga horar da kanta da yunwa har ya zama cuta. Ku ɗora maganar a kan gida gaba ɗaya: “Na ga dukkanmu zaƙi ya yi mana yawa, ni ma zan rage. Me kake ganin za mu fara da shi?” Kuma ku cika. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke buɗe kwalbar lemo kowane dare ba shi da bakin hana ɗansa.

Mataki na bakwai: ku canza abu ɗaya ko biyu, ba goma ba

Ku fara da abin sha, domin shi ya fi saurin biya. Kada ku tsaya a kan hani, ku daina shigo da shi gida. Wanda ya saba da kwalba biyu a rana ya koma ɗaya, bayan mako biyu ya koma na lokaci-lokaci. A ajiye ruwa mai sanyi inda hannu zai kai. Ɗan itace a ci shi yadda yake maimakon a matse shi.

A faranti, rabi ya zama ganye da kayan lambu, kwata abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi ko nama, kwata kuma hatsi ko wani abinci mai sitaci, wanda ba a cire masa dusa ba in ya samu. Daga shekara 10 zuwa sama ana so a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. A rage soye-soye da kayan leda. A zuba abinci a faranti a bar tukunya a kicin, a ci a zaune ba waya a hannu, a ci a hankali, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Kada a tsallake karin kumallo da sunan rage ƙiba. Wanda ya fita da yunwa, duk abin da ya tarar a hanya shi zai saya.

Motsa jiki: minti 60 a rana na abin da ke sa numfashi ya ɗaga, da kwana 3 a mako na abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, kamar tsalle da igiya, gudu ko ɗaga nauyin jiki. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Tafiya da sauri, keke, ƙwallo, rawa, iyo, aikin gida mai sa gumi, duk suna shiga. Wanda bai saba ba ya fara da minti 15 yana ƙarawa. Ku bar shi ya zaɓi abin da yake so, don wanda aka tilasta ba ya kai wata. Albishir a nan shi ne kitsen can ciki yana saurin amsa motsa jiki, ƙugu na iya raguwa alhali sikeli bai motsa ba.

Da dare, waya ta kwana a wajen ɗakin barci, ta kowa da kowa. A tsayar da lokacin kwanciya, a ajiye allo awa guda kafinsa, kada a sha abin da ke da sinadarin kafeyin mai hana barci da yamma.

Wasu abubuwan kuma ku rufe musu ƙofa. Shayin rage tumbi yawanci maganin sa zawo ne ko fitsari, ruwa yake fitarwa ba kitse ba. Bel ɗin matse ciki yana ɓoye tumbi ne zuwa lokacin da za a cire shi. Atisayen ciki ɗari a rana zai ƙarfafa tsokar da ke wurin, amma jiki ba ya ƙona kitse daga inda aka nuna masa. Mafi muni shi ne yunwar gangan. Matashi yana gina ƙashi da tsoka da jini, yana buƙatar sinadarin ƙarfe da na ƙashi sosai. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mataki na takwas: lokacin ganin likita

Ku je idan lissafin ya kai 0.6, ko ya wuce 0.5 tare da ɗaya daga alamomin mataki na huɗu, ko akwai ciwon sukari a iyaye. Ku je kuma idan yaro yana ƙiba amma tsayinsa ya tsaya tun bai kai lokaci ba, ko wasu zane-zane masu faɗi ja ko shunayya sun fito a cikinsa, domin nan ne ake zargin matsalar sinadaran jiki, ko da yake ba ta da yawa. Haka idan kun lura yana ɓoye abinci, yana amai da gangan, ko ya shiga ƙunci.

Za a auna hawan jini, a gwada sukari da maiƙon jini da lafiyar hanta. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya a 2007 ta sa wa 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da 16 iyakoki da za ku iya duba takardar gwaji da su: sukarin jini kafin a karya 100 ko fiye, maiƙon tiraigiliserid 150 ko fiye, kwalastaral mai amfani ƙasa da 40, dukkansu a ma'aunin miligiram cikin desilita, sai hawan jini daga 130 a lambar sama ko 85 a ta ƙasa. Babban ƙugu tare da biyu daga cikin waɗannan yana nufin lamarin ya wuce gyaran gida kaɗai. Ku tafi da takardar makon nan da kuka rubuta da kwalayen duk maganin da yake sha.

Mataki na tara: sake awo

Sau ɗaya a wata ya isa, a wuri ɗaya, da safe, da tef ɗaya. Awon kullum damuwa kawai yake ƙarawa. Tsayi kuma a sake shi duk wata uku, domin matashi yana da wata dama da babba ba shi da ita: yana tashi. A shekarar da girma ya fi sauri yana iya ƙara santimita 8 zuwa 10. Yaro mai tsayin 150 da ƙugu 80 yana kan 0.53. Idan ƙugun ya tsaya a 80 shi kuma ya kai 164, ya sauko 0.49 ba tare da ya rasa kilo ko ɗaya ba. Saboda haka ga wanda bai gama girma ba, ƙugun da ya daina ƙaruwa nasara ce, ku rubuta ta a matsayin nasara. In wata uku zuwa shida sun wuce lambar tana hawa duk da canjin da aka yi, ku sake yin makon rubutu, ku fara duba barci da abin sha, sannan ku ɗauki takardun biyu, tsohuwa da sabuwa, ku kai wa likita.